Abin da Kawu Bai Goge Ba

Ina tsaye a cikin zauren da ake ginawa, tsakanin itatuwan da aka tokare dakin ɗin da su, wato rufin kankaren da ke sama, na tambayi foman, shugaban magina, inda suka tara guntayen rodi mai kauri lamba ashirin. Tambaya ce irin ta sabon shiga da ke son a ga yana aiki. Ya dube ni ya ce, "Wane ashirin kuma, Injiniya? Ai tun da muka fara ginin nan rodi mai ashirin bai shigo ta ƙofar nan ba."

Na yi dariya don na zaci tsokana ce. Na warware takardar zanen da na buga a ƙaramar firintar ofis da safe, na ɗora yatsa a kan babban bim, wato wannan doguwar kankaren da ta ratsa rufin zauren daga bango zuwa bango. Rodi mai ashirin, guda shida. Shi kuma ya goge hannu a wando, ya ciro wayarsa mai fasasshen gilashi, ya buɗe zanen da ofishinmu ya tura masa, ya ja shi da yatsu biyu har rubutun ya girma. Rodi mai sha biyu, guda huɗu.

Sunan fayil ɗin ɗaya ne. Kwanan watan ɗaya ne. A kusurwar ƙasa, inda mai zane ke sa haruffan sunansa, na Kawu ne a wurare biyun.

Na ɗaga kai na dubi bim ɗin. An riga an zuba kankare, ta bushe, ta yi fari. Makaranta ce ake ginawa, a wannan zauren yara za su riƙa taruwa da safe, a samansa kuma ajujuwa biyu za su zauna. Foman yana ta magana, wai gobe yake son cire itatuwan don akwai wani aikin da ke jiran su. Ban san lokacin da na riƙe masa hannun riga ba.

"Don Allah kada ka cire ko ɗaya."

"To sakar mini rigar, ita ke nan gare ni."

Har yau idan na shiga ɗaki mai faɗi sai na fara duban rufinsa kafin in dubi mutanen da ke ciki.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya tsaya mini bayan rasuwar babanmu har na gama karatun injiniya, shi ya kuma kama hannuna ya kai ni gaban Babban Injiniya ya ce, "Yallaɓai, ga 'yar da nake ba ka labari. Idan ta yi shirme ka cire a jikina." Aka yi dariya. Aikinsa a ofishin shi ne zane: injiniya ya yi lissafi, shi ya mayar da lissafin layuka da lambobin da magini zai iya karantawa. Ya fi kowa daɗewa a wurin, har Babban Injiniya kansa tarar da shi ya yi lokacin kamfanin na hannun mahaifinsa.

A ofis Ajiye ake ce masa. Ba ya jin haushin sunan, har amsawa yake. Kawu ba ya zubar da komai. A aljihun teburinsa akwai fensiran da suka ƙare har ba a iya riƙe su, da tabarau uku da idonsa ya wuce su, da murfin biro da babu biron. A gida kuwa ƙarƙashin gadonsa cike yake da naɗaɗɗun zane na gine-ginen da wasu tuni aka rushe su. Inna, matarsa, takan ce, "Ni da ɓeraye muke kwana a kan gidajen mutane. Ranar da na tsufa ma na san ba za a yar da ni ba, naɗe ni zai yi ya tura ƙarƙashin gado."

Shi ya taɓa gaya mini inda halin ya samo asali. Yana yaro mai koyon aiki, zamanin da ake zane da tawada a kan takarda mai shara-shara, in za a yi gyara sai a sa reza a kankare layin a hankali. Wani mai gida ya ce a sauya masa matakalar bene daga gabas zuwa yamma. Kawu ya yini yana kankarewa, ya sake zanawa. Da mutumin ya dawo sai ya ce matarsa ta fi son ta farko. Takardar ta riga ta yi laushi, ya sa reza ta huje. Ubangidansa na aiki bai dake shi ba, sai dai ya liƙa takardar a bango kusa da ƙofa, duk wanda ya shigo ya nuna masa ramin ya ce, "Wannan tagar almajirina ce." Kawu ya sake zana gidan gaba ɗaya, ya kuma ɗauki alkawari da kansa: daga ranar, in an ce a sauya abu, sabuwar takarda zai ɗora a kan tsohuwa. Mai gida, in ji shi, mutum ne da ke dawowa.

Kwamfuta ta same shi da furfura. Abokan aikinsa na tebur da rula duk suka watse, wani ya koma sayar da fenti, wani ya koma gida. Shi ya zauna ya koya, da yatsa ɗaya, yana ɗaga tabarau yana saukewa. Abin da ya sa ya yarda da na'urar shi ne ranar da aka nuna masa leya. A manhajar zane ana iya jera aiki hawa-hawa kamar takardu masu shara-shara a kan juna, kowace ana iya kunna ta a gani ko a kashe ta ta ɓuya. Ya ce ashe masu kwamfutar nan ma sun taɓa haɗuwa da mai gida. Tun daga nan bai goge layi ko ɗaya ba. In an yi sauyi, sai ya kashe tsohuwar leya, ya zana sabon a daidai wurin da tsohon yake, don tsabta.

Haka aka yi da makarantar. A zanen farko akwai ginshiƙi a tsakiyar zauren, bim ɗin yana hutawa a kansa, rodi mai sha biyu ya wadatar. Daga baya mai makarantar ta ce ginshiƙin zai tare wa yara gani, a cire shi. Babban Injiniya ya sake lissafi, rodin ya koma mai ashirin. Kawu ya zana sabon jadawalin ƙarfe a kan tsohon, ya kashe tsohon, ya fitar da fayil ɗin PDF, aka tura wa foman ta waya, don babbar firintarmu ta daɗe da lalacewa. Batun ginshiƙi foman ya ji shi daga bakin mai makarantar, ya kuma gan shi a shafin fasalin ɗakuna. Batun rodi kuwa, abin da wayarsa ta nuna masa ya bi.

Duk wannan daga baya muka gane shi. A ranar, da na koma ofis da ƙura har gira, kai tsaye na wuce ciki. Na ajiye takardar a gaban Babban Injiniya, foman da na taho da shi ya ajiye wayarsa a gefenta.

Babban Injiniya ya daɗe yana dubawa. Ya buɗe fayil ɗin a kwamfutarsa: ashirin. Ya buɗe a tasa wayar: ashirin. Ya kira sakatariya ya karɓi tata: sha biyu. Ta direba: sha biyu. Aka aika shagon buga takardu na bakin titi su buga shafin, ya dawo da sha biyu. Kafin wani lokaci teburinsa ya cika da wayoyi a jere, kowace da abin da take faɗa, masu su na tsaye a baya kamar an kira su shaida.

Sakatariya ta ce, "Ni dai tawa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba."

"Yi mana shiru," in ji shi. Sannan ya ce a kira Ajiye.

Kawu ya shigo da kofin shayinsa a hannu. Ya sunkuya kan wayar foman, ya cire tabarau, ya mayar. Ya nemi wurin ajiye kofin bai samu ba saboda wayoyi, na karɓa.

"Wannan ai na kashe shi," ya ce. "Yallaɓai, wallahi na kashe shi. Zo ka gani."

Muka bi shi teburinsa. Ya buɗe zanen, ya nuna leyar, ga ta a kashe. Sunan da ya sa mata *wata_kila_ta_dawo*.

Ashe da aka fitar da fayil ɗin, leyoyin duka suka tafi a cikinsa, har da ɓoyayyar. Wata manhajar karatu ta san ta bar ɓoyayye a ɓoye. Wata ba ruwanta, duk abin da ta tarar sai ta shimfiɗa. Da lambobin biyu sun hau kan juna sun cakuɗe, da foman ya kira ya tambaya. Amma Kawu mutum ne mai tsabtar aiki, kowane jadawali yakan sa masa farin bango a baya don rubutu ya fito. Tsohon ya zauna a kan sabon ya rufe shi ruf, ko gefensa bai leƙo ba.

Babban Injiniya ya zauna a kujerar Kawu, ya dafe kai. "Maɓalli ɗaya ne fa, Ajiye. Gogewa. Yaran firamare ma sun san shi."

"In mai makarantar ta dawo ta ce a mayar da ginshiƙin fa?"

"Sai ka sake zanawa! Minti nawa ne?"

Foman, wanda tun ɗazu yake neman inda zai sa baki, ya ce, "Ni dai abin da aka turo na ɗaura. Kuma ranar zuba kankare na kira, aka ce Yallaɓai ya yi tafiya, mai makaranta kuma tana kaina wai hutu ya kusa ƙarewa. Na turo hoton ƙarfen, aka ce mini a ci gaba."

Kowa ya san Babban Injiniya ne, daga can inda ya yi tafiyar, ya ce a ci gaba. Kowa ya kuma san a hoton waya, daga nesa, rodi rodi ne. Babban Injiniya ya miƙe ya ce kowa ya ɗauki wayarsa.

Washegari mai makarantar ta zo. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta zauna da jakarta a cinya ta ce iyaye sun riga sun rubuta sunayen 'ya'yansu, ita kuma ba za ta sa ɗan kowa a ƙarƙashin abin da ba ta yarda da shi ba. Aka yi shawara a kira wasu injiniyoyi daga waje su auna bim ɗin. In suka ce ana iya ƙarfafa shi, ko da mayar da ginshiƙin ne, to. In suka ce ba ya gyaruwa, za a fasa dakin ɗin gaba ɗaya, kuma ta ce a wannan halin dole kamfanin ya nuna mata wanda ya ɗauki laifin.

Bayan ta fita Babban Injiniya ya kira Kawu shi kaɗai, amma bangon ofishin katako ne. Ya ce ya ɗan huta a gida har sakamako ya fito. In an tsira da ƙarfafawa, ya dawo, a ce kuskuren na'ura ne. In fasawa ce, to ya yi haƙuri, haruffan sunansa ne a kusurwar takardar.

"Naka sa hannun ma yana wurin, Yallaɓai," in ji Kawu, a hankali, ba da faɗa ba.

"Ni a kan ashirin na sa hannu."

Kawu ya fito ya tsaya gaban teburinsa. Na zaci zai kwashe kayansa. Ya buɗe aljihun teburin, ya dubi tarkacen, ya mayar ya rufe. Kofinsa kawai ya ɗauka.

Da yamma na bi ta gidansa. Na tarar da shi a tsakar gida a kan tabarma, rediyo a gefensa ba a kunna ba. Inna tana tsince shinkafa a faranti.

"Ga Injiniya ƙarama," ta ce. "Zo ki ga kawunki, yau ya gano gidan nan yana da rana. Tun da aka kawo ni bai taɓa ganin inda inuwa ke kaiwa da la'asar ba."

Na durƙusa na gaishe shi. Na fara cewa da ban yi tambayar nan ba, sai ya katse ni.

"Da ba ki yi ba, da an cire itatuwa. Kada in sake jin wannan a bakinki." Ya ɗago ya dube ni. "Sun zo aunawar?"

Na gaya masa sun zo da wata na'ura kamar dutsen guga suna gogawa a jikin bim tana kuka duk inda ta ji ƙarfe, sun kuma huda kankaren sun ciri gunduwa-gunduwa sun tafi da su ɗakin gwaji.

"Kankaren foman ba ta da laifi," ya ce. "Mutumin nan ba ya satar siminti. Bakinsa ne kawai ba ya rufuwa."

Inna ta ce, "Kai kuma hannunka ne ba ya buɗewa. Na ce ka zubar da takardun nan, ka ce tarihi. Yanzu ga tarihi ya biyo ka har gida."

"Ke dai tsince shinkafarki."

"Ina tsincewa ina zubar da tsakuwa, ka gani? Ba na ajiye ta a ƙarƙashin faranti wai wataƙila ta dawo."

Ya yi dariya, ta farko da na ji tun ranar, amma ba ta yi nisa ba. Da Inna ta shiga ɗaki sai ya matso ya rage murya. Ya ce ba zaman gidan ne ke damunsa ba. A garin nan in ya bi titi yakan nuna wa jikokinsa gini ya ce wannan ni na zana. In aka fasa dakin ɗin nan, shi za a riƙa nunawa. Duk ofisoshin zane sun san juna, kafin ƙurar ta kwanta labari ya zaga, ba wanda zai sake ba shi ko zanen bayan gida.

Na ce Allah zai kawo sauƙi. Ya ce amin, yana kallon ƙafarsa.

Aikin da aka ba ni tun daga ranar shi ne in zauna a teburinsa in bi duk zanen da ya fitar tun da firinta ta lalace. In buɗe kowane, in kunna ɓoyayyun leyoyi, in gwada da abin da aka tura wurin gini, in kira foman na can ya karanto mini abin da wayarsa ke nunawa, sannan in goge tsohon. Babban Injiniya ya ce kada in bar ko layi.

Aiki ne mai cin rai. Kowane fayil na buɗe sai gabana ya faɗi, sai na ga lambobi sun yi daidai sannan in saki numfashi, in buɗe na gaba ya sake faɗuwa. Na daina cin abincin rana a ofis don ba ya wucewa. Zuwa yanzu na samu wuri biyu da suka saɓa, taga ɗaya da faɗin wata ƙofa, ba abin da zai faɗo wa kowa a ka. Saura da yawa ban kai gare su ba.

Sunayen leyoyin ne ke hana ni sauri. *mai_gida_ya_fasa*. *dan_uwansa_ya_sa_baki*. *kudi_sun_kare*. *wannan_ya_fi_kyau_amma_to*. In na kunna su sai in ga baranda da ba a gina ba, ɗakin uwa da aka mayar shago, rijiyar da aka matsar har sau uku. Ina dubawa, in danna gogewa, kwamfuta ta tambaye ni ko na tabbata, in ce na tabbata.

Ban gaya masa ba, amma ya sani. Da na koma gaishe shi ya tambaye ni ba tare da ya dube ni ba, "Wa aka sa gogewar?"

"Ni ce, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Gara ke. Ki bi a hankali, akwai waɗanda na kulle, sai kin buɗe makullin tukuna. In kin zo gidan likitan nan mai hawa uku, ki duba matakalar da kyau kafin ki goge, guda huɗu ce a kan juna."

"To, Kawu."

"Kuma ki riƙa cin abinci. Uwarki ta ce kin zama kamar rodi mai takwas."

Inna ta ce yanzu da asuba yake wanka ya sa kayan aiki, ya zauna a tsakar gida da waya a hannu. In ta yi ƙara ya duba da sauri, yawanci saƙon kamfanin waya ne. Ta ce ta ba shi gyaran ƙafar kujera don ya samu abin yi, ya zauna ya zana kujerar a takarda, gaba da gefe da sama, kujerar kuma tana nan a karye.

A wurin ginin an tsayar da komai. Na je shekaranjiya, babu kowa sai mai gadi da foman, wanda ya zo duba itatuwansa. Ya ƙara wasu ma a ƙarƙashin bim ɗin ba wanda ya sa shi. Ya ce kullum masu ɗayan aikin suna kiransa, ya ce musu itatuwa na jinya. Ya tambaye ni jikin tsoho, na ce da sauƙi. Ya ce in gaya masa shi bai riƙe shi da komai ba, kuma ya sayi sabuwar waya, sai dai ita ma sha biyu take nunawa.

Ɗakin gwaji sun ce sun gama da kankaren, saura lissafin injiniyoyin waje, su ne za su ce a ƙarfafa ko a fasa. Na kira su jiya, aka ce wanda zai sa hannu bai shigo ba. Na kira yau da safe, aka ce in sake kira bayan azahar. Kawu ya kira ni sau biyu, na ce masa ba labari tukuna. Har yanzu ba mu ji ba.